Gidan gado, fulotin kyauta da gonar jingina: bayanin kalmomin kotu da na ofishin filaye

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu a Birnin Kebbi shekara shida da suka wuce. Ya bar mata biyu, da mahaifiyarsa wadda ita ma ta rasu bayansa da shekara biyu, da mu 'ya'yansa, maza biyar mata bakwai. Akwai gidan da muke ciki a Badariya, mai satifiket da sunansa. Akwai fuloti a Bayan Kara wanda takardar ciniki kawai gare shi. Akwai kuma gonar fadama wajen Ambursa da ke hannun wani mutum fiye da shekara 15, mu jingina muka sani, shi ya ce saye ya yi. Babban wanmu ya ce kyautar fulotin aka yi masa. Amaryar babanmu ta ce ya ce ta zauna a sashenta har ƙarshen rayuwarta. Wani ƙanenmu kuma ya sayar wa wani ɗan kasuwa rabonsa na gida. A kotu ina jin hauzi, shufu'a, munasaha, lauya kuma yana ta asainmen da konsen. Ni malamar makaranta ce, amma na kasa gane inda aka dosa.

Amsa: Malama, Allah ya jiƙan mahaifinku da kakarku, ya kyautata namu zuwan. Tambayarki ta tattaro kusan duk abin da ke kai dangi gaban alƙali a ƙasar Gwandu, saboda haka ki yi haƙuri, amsar za ta ɗan yi tsawo.

Abin da ke rikita ki shi ne mutum biyu kike saurare, kowa da abin da yake nema. Alƙali so yake ya san ta wace hanya haƙƙi ya bar hannun mai shi, yaushe ya bari, kuma hannun wa ya faɗa. Ma'aikacin filaye kuwa sunan da ke cikin fayil yake dubawa, da ko gwamna ya yarda a canza shi. Mutum na iya zama mai gida halak malak a gaban alƙali alhali a fayil har gobe sunan mamaci ne. Haka nan wani na iya riƙe da satifiket mai hatimi, kotu ta ce ba nasa ba ne. Kowace kalma kika ji, ki tambayi kanki ta wane ɓangare ce, sannan me ta ce ya tashi daga hannu zuwa hannu: kadarar ce kanta, ko amfaninta, ko riƙo kawai.

Mu fara da abin da mahaifinku ya mallaka a idon gwamnati. Tun 29 ga Maris 1978, zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, Dokar Amfani da Ƙasa ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke da shi haƙƙin zama ne da cin moriya, sai kuma ginin da ya yi da itatuwan da ya dasa. Mu a Arewa wannan bai zo mana baƙo ba, domin dokokin Turawa na 1910 da 1916, da Dokar Riƙon Ƙasa ta 1962 ta zamanin Sardauna, duk a kan wannan turba suke. Haƙƙin iri biyu ne. Akwai wanda gwamna ke bayarwa, galibi a cikin birni, shi ne mai satifiket ɗin da ake kira si-of-o, yawanci na shekara 99 in gidan zama ne, kuma ana biyan kuɗin ƙasa a kansa duk shekara. Akwai kuma na gargajiya a wajen birni, wanda ke ƙarƙashin ƙaramar hukuma. Ita tana da ikon ba da har hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo. Gonakin kaka da kakanni da aka tarar a hannun mutane a 1978, doka ta ɗauka tamkar an riga an ba su, ko da ba su da takarda ko ɗaya. Satifiket shaida ce mai ƙarfi, amma Kotun Ƙoli a shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990 ta ce ba ya wanke wanda tun asali ba shi da haƙƙi a filin. In kuma kin ga naku yana ɗauke da sunan Jihar Sakkwato, kada ki damu, sai 27 ga Agusta 1991 aka cire Kebbi daga cikinta, tsoffin takardun suna nan da ƙarfinsu.

Yanzu ga ɓangaren alƙali. Duk abin da mamaci ya bari sunansa tarika, kuma ba duka ake rabawa ba. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, abu biyar ne ke fita bi da bi: haƙƙin da ya rataya a kan wata kadara takamaimai, kamar jingina, sai kuɗin likkafani da jana'iza, sai basussuka, har da sauran sadakin mata in akwai, sai wasiyya daga cikin sulusi, abin da ya rage shi ne na magada. Wanda ya zo yana bin mamaci bashi, ko ya kawo shaidu, alƙali kan ƙara masa da rantsuwar da ake kira yaminul ƙada'i, cewa ba a biya shi ba kuma bai yafe ba, tunda wanda zai musa yana ƙasa.

Gonar Ambursa ita ce ta fi buƙatar gaggawa. Jingina, wadda littattafai ke kira rahanu, riƙo ne kawai don tabbatar da bashi. Gonar ba ta fita daga mallakar mai ita ba, kuma ranar da aka mayar da kuɗin dole ta dawo, ko bayan mutuwar waɗanda suka ƙulla abin ne, magada na fansa daga hannun magada. Ko an yi sharaɗin cewa in wa'adi ya cika ba a biya ba gona ta zama ta mai kuɗi, sharaɗin ɓatacce ne. Ba zan ɓoye miki ba, yadda muke yin jingina a ƙauyukanmu, mai kuɗi ya yi ta noman shinkafa shekara da shekaru sannan a mayar masa da kuɗinsa cif, malaman Malikiyya ba su halatta shi ba in bashin rance ne, don rance ne da ya jawo amfani. Amma wannan magana ce ta daban. Abin da ya shafe ku shi ne mutumin ya ce saye ya yi, kuma ya daɗe a ciki.

Nan ne kalmar hauzi ke shigowa da ma'anarta ta farko, wato daɗewar riƙo. Ƙa'idar, kamar yadda take a littattafan fiƙihun Malikiyya, Risala da Tuhufa, ita ce wanda ya riƙe gida ko gona shekara 10 yana sarrafa ta kamar tasa, mai ita yana gari, yana gani, ba abin da ya hana shi magana amma ya yi shiru, to in ya tashi daga baya ba a sauraron ƙararsa. Tsakanin dangi na kusa ana tsawaita wa'adin, kotunanmu kan riƙe shekara 40, saboda an san ɗan'uwa kan ƙyale ɗan'uwa don kunya da zumunci. Hauzi ba ya cin wanda ba ya gari, ko yaro, ko wanda tsoron mai iko ya rufe wa baki, ko wanda bai daina kai kuka ba. Mafi muhimmanci a gare ku, ba ya aiki in an tabbatar asalin shigar mutum aro ne, ko haya, ko amana, ko jingina, ko da ya shekara hamsin. Sai dai nauyin tabbatar da hakan a kanku yake. In kun kasa kawo shaidun jinginar, maganarsa za a karɓa tare da rantsuwa, tunda gonar a hannunsa take. Ku nemi dattawan da aka yi abin a gabansu tun suna raye, maƙwabtan gona, hakimin ƙauyen, duk wanda ya taɓa jin mahaifinku na cewa zai fanshi gonarsa. A sha'anin dukiya maza biyu adalai sun isa, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara. Kowace damina da ta wuce kuna shiru, shi take ƙara wa ƙarfi.

Ma'ana ta biyu ta hauzi ita ce karɓa a hannu, kuma a kanta maganar wanku ta tsaya. Kyauta, wato hiba, tana ƙulluwa da furuci, amma ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta tun mai bayarwa yana raye, da lafiyarsa, bashi bai cinye dukiyarsa ba. In mai kyauta ya rasu kafin a karɓa, kyautar ta rushe, abin ya koma tarika. Saboda haka tambayar da alƙali zai yi wa wanku ba ita ce ko baba ya faɗa ba. Zai tambaye shi me ya yi a filin kafin rasuwar. Ya kewaye shi? Ya zuba yashi ko bulo, ya haƙa harsashi? An miƙa masa takardar cinikin a gaban mutane? Su wa suka gani da idonsu? Shaidar da ta ce "na ji marigayi ya ce ya ba shi" ba ta kai wadda ta ce "na gan shi yana aiki a ciki marigayi na raye" ba. In kuwa lokacin da aka yi kyautar mahaifinku na kwance cikin ciwon da ya zama ajalinsa, hukuncinta hukuncin wasiyya ne, kuma babu wasiyya ga magaji sai in sauran magada sun yarda bayan rasuwa. Wanda ya yarda, daga rabonsa kaɗai za a cire.

Idan ya tabbatar da hauzin, fulotin nasa ne, ko ranku bai so ba. Malikiyya sun karhanta uba ya ba ɗa ɗaya dukiyarsa duka, amma ba da wani abu daga ciki ya halatta, duk da hadisin Nu'umanu ɗan Bashir da ya yi umarni da adalci tsakanin 'ya'ya. Uba na da damar janye kyautar da ya yi wa ɗansa, abin da ake kira i'itisari, matuƙar ɗan bai yi aure ko ya ci bashi a kan ƙarfinta ba, kuma bai canza ta da gini ko sayarwa ba. Wannan dama ta uba ce da uwa, ba a gadonta, ku ba za ku iya janyewa a madadinsa ba.

Maganar amaryar babanku sunanta umra: a ba mutum amfanin gida iya rayuwarsa, in ya rasu gidan ya koma ga mai shi ko magadansa. Ita ma sai da hauzi, kuma a nan akwai wata ƙa'ida da mutane da yawa ba su sani ba. In mace ta ba mijinta gidan da suke zaune a ciki, kyautar ta inganta ko sun ci gaba da zama tare. In miji ne ya ba matarsa kuma ya ci gaba da zama a ciki har ya rasu, ba ta inganta ba, domin zaunar da ita dama wajibinsa ne, zamanta a ciki bai nuna ta karɓi komai ba. In kuma cewa ya yi "bayan raina", ta zama wasiyya ga magajiya. Ta kowace fuska dai hujjarta ba ta da ƙarfi. Haƙƙinta na zama a gidan ba tare da an tashe ta ba na kwanakin takaba ne, wata huɗu da kwana goma, kuma ya wuce. Amma ni a ganina wannan ba abin da za a kai ga hukunci ba ne. Tana da kasonta a tumuni, 'ya'yanta na da rabonsu, in an haɗa su wuri ɗaya sau da yawa sukan kai ƙimar sashen da take ciki. A ba su shi a rabo, a huta.

Ga lissafin kuwa. Masu ƙayyadadden rabo, waɗanda ake kira as'habul furudi, su ake fara ba, kamar yadda ya zo a aya ta 11 da ta 12 ta Suratun Nisa'i. Matan biyu suna tarayya a tumuni, ɗaya bisa takwas, tunda akwai 'ya'ya. Mahaifiyarsa na da sudusi, ɗaya bisa shida. Ku 'ya'ya ku ne asaba, masu kwashe saura, namiji rabon mata biyu. Asalin mas'alarku, wato yawan kason da za a kasa tarikar, 24 ne: mata 3, uwa 4, saura 17. Maza biyar kai goma ke nan, mata bakwai kai bakwai, ya zama 17 daidai ba ragowa. A ƙaddara bayan an fitar da bashi tarikar ta kai naira miliyan 24. Kowace matar uba miliyan ɗaya da rabi, kakarku miliyan 4, kowane namiji miliyan 2, ke da kowace 'yar'uwarki miliyan 1. Wannan kaso yana cikin kowace kadara, gida da gona da fili. Al'adar cewa mace ba ta gadon gona, a sallame ta da 'yan kuɗi ko a ce wanta zai riƙa noma mata, ba ta da gurbi a shari'a.

Miliyan huɗun kakarku su ne munasaha, wato magaji ya rasu kafin a raba gadon. Gado yana sauka kan magaji ne daga lokacin da rai ya fita, ba ranar da aka zauna rabo ba. Tunda ta rayu bayan ɗanta, sudusinta ya tabbata, da ta rasu kuma ya zama tata tarikar, ya wuce ga nata magadan. In tana da ɗa namiji a raye, baffanku ke nan, shi da gwaggonninku za su raba, ku jikoki an shamakance ku, abin da ake kira hajabu. In 'ya'ya mata kaɗai ta bari, su ɗauki farillarsu, saura ya dawo muku a matsayin 'ya'yan ɗanta. Ma'ana, tun shekara huɗu da suka wuce wataƙila baffanninku na da kashi ɗaya cikin shida na gidan da kuke kwana a ciki, ko sun sani ko ba su sani ba. Illar jinkirta rabo ke nan. Duk wanda ya ƙara rasuwa a cikinku, sai an sake buɗe sabon lissafi a cikin tsohon, surukai da 'ya'yan wani gida su shigo. Rabon da ake dakatarwa da dalili shi ne in akwai ciki, sai an haihu, ko akwai magajin da ya ɓace ba a san yana raye ko ya mutu ba, a ajiye masa nasa.

Cinikin ƙanenku bai ɓaci a shari'a ba, amma a san me ya sayar. Kafin rabo ba wanda ke da ɗaki ko shago na kansa, kowa kasonsa a gauraye yake cikin kowane taku na gidan, shi ake kira musha'i. Abin da ɗan kasuwan ya saya kashi 2 ne cikin 24, ba shagon bakin titi ba, ko da shi aka nuna masa. Ku kuma kuna da shufu'a: haƙƙin abokin tarayya ya mayar wa baƙon da ya saya kuɗinsa daidai yadda ya biya, ya karɓe kason, ko baƙon ya so ko ya ƙi. A Malikiyya wannan na abokin tarayya ne a abin da ba a raba ba, maƙwabci ba shi da shi, kuma hadisin Jabir ya ce da zarar an sa iyakoki an fitar da hanyoyi, shufu'a ta faɗi. Tana da wa'adi. Wanda yake gari, ya sani, ya yi shiru shekara guda, ya rasa ta. In ya halarci cinikin, littafin Muhtasar na Malikiyya ya rage wa'adin zuwa wata biyu. In ya ga mai saye na gini ko rushewa bai tanka ba, ita ma ta tafi. Ba ki faɗi yaushe aka yi cinikin ba, to ki ƙirga tun yau. Ke kaɗai ma kina iya nema, sai dai in sauran sun janye, dole ki karɓi kason duka ko ki bar shi duka, ba a tsaga wa mai saye cinikinsa.

Rabon kansa, ƙisma, hanya uku gare shi. Akwai muhaya'a, a bar kadara a dunƙule a riƙa karɓa-karɓar amfani, wannan ya noma bana wancan baɗi. Akwai rabon yarjejeniya, kowa ya ɗauki abin da aka daidaita a kai, a yi ciko da kuɗi. Akwai na ƙuri'a, bayan masu ƙima sun daidaita kasonni. Abin da ba ya rabuwa sai da ɓarna, kamar gida ɗaya tsakanin mutum goma sha huɗu da baffanni, in magaji ɗaya ya nemi a sayar ana tilasta wa sauran, a raba kuɗin, kuma wanda ke so daga cikinku na iya saye a farashin da ya tsaya. Haka kuma magaji na iya karɓar wani abu ya fita daga tarayyar, shi ne taharuji, mu mukan ce sulhu. Hukuncinsa hukuncin ciniki ne, sai kin san abin da aka bari da yawan rabonki. Shawarata gare ki da 'yan'uwanki mata, kada wadda ta sa hannu a takardar "na yafe" kafin a yi ƙima a gaya mata adadin abin da take yafewa. In akwai ƙananan yara a cikinku, babban wa ko baffa ba ya zama waliyyin dukiyarsu don girma kawai. Wasiyyin da uba ya naɗa ne, in babu, wanda alƙali ya naɗa, kuma sayar da gidan maraya sai da dalilin da alƙali ya gamsu da shi.

Duk wannan da an gama, ba a taɓa fayil ba tukuna, kuma nan ne kalmomin lauyanku ke aiki. Sashe na 24 na dokar 1978 ya yarda haƙƙin zama ya gadu bisa dokar da ta hau kan mamaci, wato shari'ar Musulunci a wajenku. Amma ya ƙara da cewa ba a tsaga haƙƙi mai satifiket gida biyu ko fiye saboda gado sai da yardar gwamna. Alƙali na iya ja muku layi a tsakar gida, ku yi katanga, amma kafin kowa ya sami takardarsa sai safiyo ya sake awo, an nemi izini. Ma'aikatar filaye za ta buƙaci hujjar cewa ku ne magada. Ku karɓi kwafin hukuncin rabon gado mai hatimin kotu, kada ku tsaya ga abin da aka faɗa da baki. Wani lokaci, musamman a banki, akan nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda lauyoyi ke kira leta of administireshin, daga sashen furobet na Babbar Kotun Jiha. Wanda sunansa ke kanta wakili ne mai riƙon amana, ba mai dukiya ba. Na sha ganin babban wa ya karɓo ta ya ɗauka an naɗa shi sarkin gida. Takardar da zai sa wa hannu ya miƙa wa magaji kasonsa ita ce asent.

Asainmen kuwa ta ciniki ce: takardar da mai haƙƙi ke miƙa wa mai saye dukkan shekarun da suka rage a satifiket ɗinsa. Ta bambanta da haya ko sablis, inda ake ba da wasu shekaru abin ya dawo, ta kuma bambanta da mogej, jinginar banki. Dukkansu sashe na 22 ya ce sai da konsen, yardar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce abin da aka yi ba da ita ba banza ne. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo ta 1989, banki guda ya rasa ikon sayar da gidan da aka jinginar masa saboda rashin wannan yarda. Ana iya rubuta yarjejeniya a biya kuɗi kafin yardar ta fito, amma cinikin bai kammala ba sai ta fito, an biya harajin hatimi, an yi rajista. A gonar karkara kuwa, sashe na 21 ya ce amincewar ƙaramar hukuma ake nema. Mutane da yawa kan gudu daga wannan kashe kuɗi su tsaya ga fawa of atoni, takardar wakilci. Kotun Ƙoli a shari'ar Ude da Nwara ta 1993 ta bayyana cewa wakilci ne kawai, ba ta mayar da mallaka, kuma ta yau da kullum tana mutuwa da mutuwar wanda ya bayar. Ki bincika wace iri ƙanenku ya sa wa hannu.

Fulotin Bayan Kara, ko na wa ya zama, takardarsa na buƙatar gyara. Agirimen da dillalai ke rubutawa, mai sa hannun mai unguwa ko uban ƙasa, shaida ce cewa an yi ciniki an biya kuɗi, kuma in an haɗa ta da shiga filin kotu na kare mai ita. Amma sa hannun basarake shaida ce kawai, dokar 1978 ba ta ba shi ikon ba da ƙasa ba. Ku duba ko filin cikin shatar gwamnati yake mai lamba da takardar girant, wato takardar da gwamnati ta ba da filin da ita, ko awon igiya ne. In mai girant ne, a bi sunan wanda aka fara ba, a haɗa takardun duk hannayen da ya ratsa har zuwa mahaifinku, a yi bincike a rajistar filaye ko wani bai riga ya yi takarda a kansa ba. In gardama ta kai Babbar Kotu, hanyoyi biyar na tabbatar da mallaka da aka jera a shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976 ake bi: tarihin asali, takardu ingantattu, ayyukan mai abu na tsawon lokaci, daɗewar riƙo, da mallakar filin da ke maƙwabtaka. Ɗaya ta isa in ta tsaya da ƙafarta.

Saura ki san ƙofar da za ku shiga, don an yi asarar shekaru a kan wannan kaɗai. Rabon gado, kyautar wanku, umrar amarya da duk wata wasiyya ko waƙafi, na kotun shari'ar Musulunci ne, kuma ɗaukaka ƙararsu na zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, domin su ne sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya lissafa mata. Rikicinku da mutumin Ambursa ba gado ba ne, jayayya ce a kan ciniki da jingina da wanda ba magaji ba. Kuna iya fara ta gaban alƙali tunda gonar karkara ce, amma in za a ɗaukaka, Babbar Kotun Jiha ake nufa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya ta sha rushe hukuncin kadi-kadai a irin wannan don rashin hurumi, komai kyan hukuncin. Jayayya a kan wa ke da haƙƙin fili mai satifiket ɗin gwamna kuwa, sashe na 39 ya keɓe ta ga Babbar Kotu tun daga farko. Ku nemi alƙali ya raba abin da ba gardama a kansa, ya jingine gonar har a gama shari'arta, kuma ku tabbata an kira baffanninku da gwaggonninku cikin ƙarar rabon, domin rabon da aka yi babu wani magaji, ranar da ya bayyana yana da ikon sa a warware shi.